Fiffiken Hagu

Jikata tana aji biyar a sakandaren Dutsi aka kawo musu sabon malamin adabin Turawa. Ni na riƙe ta tun rasuwar uwarta. Da ubanta zai tafi kudu neman abinci, magana ɗaya ya bar mini: ranar da na ga abin da bai kwanta mini ba a makarantar, in cire ta, ba sai na jira shi ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma ina da ido.

Wata Laraba ta dawo, ko hijabi ba ta cire ba, ta ce malam ya ce ran Litinin kowa ya zo da farin ƙyalle kamu ɗaya, da tawada, da gashin agwagwa, amma na fiffiken hagu.

Na ajiye rariyar da ke hannuna. "Maimaita."

"Na hagu, Inna. Zai nuna mana yadda Turawan dā suke rubutu ne. Ƙyallen kuma kwalliyar wuya za mu yi irin ta manyansu."

"Shi na dama me ya yi masa?"

"Kai, Inna, ke komai sai kin tona."

A garin Babban Mutum na girma. Na ga matan da ake aikawa neman farin ƙyalle da abin hagu, na kuma san irin mutumin da ke aikensu. Ba karatu yake koyarwa ba. Ga shi wannan baƙo ne, ba wanda ya san gidan ubansa, an damƙa masa 'yan mata aji guda. Na ƙudurta a raina Litinin ɗin nan ita ce ta ƙarshe, in na ga abin da nake zato.

Ran Lahadi na kama farar agwagwata, na figi gashi ɗaya daga fiffiken dama, na miƙa wa yarinyar kamar na hagu ne. In asiri ne, na karya shi tun daga gida.

Washegari da safe na bar ta ta yi nisa, na bi bayanta. Na tsaya jikin tagar ajinsu. Yara sun nannaɗe ƙyalle a wuya, kowane kai kamar an ɗora shi a faifai. Malamin wani siriri ne, yana bin tebur-tebur da reza yana fiƙe gindin gashin yadda ake fiƙe alƙalamin kara. Ya yi Turanci, ya juyo Hausa: wai da irin wannan mutanen can suka rubuta wasannin da ake karanta musu yanzu. Ni dai bakinsa nake kallo, ko zai yi tofi. Bai yi ba.

Jikata ta tsoma nata a tawada, ta sunkuya. Kan gashin ya soke ta a hanci. Ta gyara, ya koma ido. Aji ya kwashe da dariya. Malam ya karɓa, kallo ɗaya ya yi masa.

"Wannan ai na dama ne."

Ni da agwagwa kaɗai muka san wannan. Na yi sallama na shiga.

"Ni na fige shi. Kai kuma wa ya gaya maka?"

Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ban amsa da sakin fuska ba. Sai ya ɗauko na wata yarinya ya haɗa da namu, ya sa mini a hannun dama ɗaya bayan ɗaya. Na hagun ya lanƙwasa waje, ya kwanta bayan hannuna. Na daman ya karkato yana neman fuskata.

"Shi ke nan sirrin, Hajiya."

"Ƙyallen fa?"

Ya buɗe littafi ya nuna mini hoton wani mai gemu, wuya cike da tattara.

"Namiji ne wannan?"

"Babban mutum ne ma a garinsu."

"A Babban Mutum ɗin da na sani, jifansa za a yi."

Yara suka sake fashewa. Jikata ta kifa kai a tebur.

Ban tafi ba sai da aka tashi. Da muka koma gida na karɓi gashin na jefa a murhu, ƙyallen na wanke shi da gishiri ya zama matatar koko. Kwana biyu yarinyar tana kumbura, ni kuma ina juya abin. Amsarsa ta yi sauri da yawa, kuma mai amsa da sauri ban cika yarda da shi ba. Amma hannuna ne ya riƙe gashin, ba nasa ba, na kuma ga inda ya karkata.

Ban cire ta ba. Litinin ta zagayo, na kama agwagwar, na figi na hagu na ba ta.

"Da la'asar a dawo mini da shi. Da takardar da kika rubuta."

"Inna, ke da ba ki iya karatu ba?"

"A dawo mini da ita dai."