Tanti Honorine da Ƙuri'ar Raga

Kafin mai wake da shinkafa ta bakin ƙofa ta sauke tukunya, babur ɗin Madam Honorine Pare, wadda muke kira Tanti, ya riga ya huce a gindin mangwaro. Haka muka san ta a cibiyarmu ta binciken lafiya a Kudugu. Ƙididdigar lafiya take koyarwa, amma ba a gaban allo ba. Duk ɗalibin da aka kawo mata, sai ta haɗa shi da aikin da ake ciki, tare da likitoci da mu ma'aikatan jinya, ya sha ranar ƙauye kafin ta bar shi ya taɓa kwamfuta.

'Yar ƙabilar Samo ce, ni ɗan Mosi, abokan wasa ne mu tun kaka da kakanni, don haka yabonta yana yi mini nauyi a baki. Amma wata mai zuwa za ta yi ritaya, dole in faɗi abin da na gani.

Wata shekara muka so mu gane ko sa raga a tagogi na rage wa yara zazzaɓin cizon sauro. Kayan da muke da su rabin ƙauyuka kawai za su isa, sauran sai baɗi. Ɗalibinta Rasmane Nikiema aka ba aikin sa kwamfuta ta raba ƙauyukan ba da zaɓi ba. Garinsu yana ciki. Baffansa ne mai gari, yayarsa kuma ta binne ɗa a daminar da ta wuce, ga wani a bayanta.

Ina ofishin ya shigo ya same ta.

"Tanti, in na yi ta dannawa har garinmu ya fito, wa zai sani?"

"Ni zan sani, bawana. Fuskar ɗan Mosi ko satar gyaɗa ba ta iya ɓoyewa."

Bai yi dariya ba. "Ɗan yayata ne, Tanti."

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Na sani. Amma in hannunka ya zaɓa, gobe yara suka samu sauƙi, wa zai yarda ragar ce? Cewa za a yi garin 'yan gata aka ba. Daga nan ba mai ƙara sayen raga, ba ta garinku ba, ba ta kowa ba."

Ba ta tsawata masa ba, ba ta kuma cire shi daga aikin ba. Ranar kasuwa ta tara masu gari, aka zuba sunayen ƙauyuka a ƙwarya, wata tsohuwa mai daddawa ta yi ta zarowa. Rasmane ta tsayar ya bayyana wa dattawa dalilin ƙuri'a da yaren gida. Garinsu bai fito ba. Baffan ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce, "Ashe mun sa ka makaranta ne don ka manta da mu." Wallahi ranar ni ma na ji haushinta.

Da yamma ita ta goya Rasmane a babur har gida, ta durƙusa ta gaida baffan, ya ƙi amsawa. Duk daminar tana bin asibitocin ƙauyukan da ba su samu ba, kada magani ko gidan sauro ya yanke. Ɗan yayar Rasmane ya yi zazzaɓi, ya warke. Rasmane ne ya yi lissafin ƙarshe da hannunsa, ya nuna raga na rage zazzaɓi, ba wanda ya samu abin tankawa a ciki, daga baya raga ta kai har garuruwan da ba su cikin binciken.

Tanti, ke ce uwar masu ƙirga da gaskiya. Kin hana yaro abin da yake so, kuma ba ki bar shi ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku masu koyar da na baya, in kun ce wa ɗalibi a'a, ku raka shi gida.

Shekaranjiya baffan ya aiko da zakara. Ya ce a gaya miki har yau bai huce ba, amma jikansa ya shiga makaranta, ki yanka ki ci.