Marmaron Eilif

Goggona Ragnhild ta ajiye tuƙin bas ta koma tafiyar ƙafa a kan duwatsu. Da rani ya shigo sai ta saɓa jaka, ta kira karenta Tass, su yi makonni a hanya. In na samu hutu nakan bi su, kuma ni ke auna kaya a sikeli kafin mu tashi. Ruwa ne matsalar. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, gwiwoyin Goggo kuwa ba sa ɗaukar fiye da biyu.

Marmaron Eilif ne ya sa take iya bin hanyar da ta fi so. Eilif makiyayin awaki ne, ruwan yana zuba a kwamin itace bayan bukkarsa, kuma daga nan babu wani sai an yi tafiyar yini. Ƙa'idar ba wuya. Mutum ya sha da ludayin da ke rataye, kare ya sha can ƙasa inda rarar ke malala, domin da ruwan kwamin ake wanke kayan yin cuku. Eilif ya riga ya faɗa, ranar da kare ya sake shiga kwamin, zai sa murfi da kwaɗo.

Goggo ta maida tsaron wurin ya zama aikinta. Tass kansa in ya iso, sai ya zarce ƙasa ba a ce masa komai ba.

Bara muka iso muka tarar da wani mutum sanye da sababbin kaya, ƙaton karensa kwance male-male cikin kwamin, shi kuma yana miƙa masa ludayin yana lasa.

Goggo ta ce, "Kai! Fitar min da shi!"

Ya yi dariya. "Haba, ki kwantar da hankalinki. Bakin karena Odin ya fi nawa tsabta."

"Wannan kam na yarda. Fitar da shi!"

"Ai duwatsu na kowa ne."

"Kwamin nan a dutse ya tsiro? Wani ne ya sassaƙa shi, sakarai!"

Ya ja karensa ya tafi yana gunaguni, ko ludayin bai ɗauraye ba. Muka kwashe ruwan, bokiti goma sha tara, muka goge kwamin da burushi. Ya fito fes. Eilif yana can wajen awaki, bai ga komai ba.

Na ce, "Goggo, mu wuce abinmu. Wa zai sani?"

Ta harare ni. "Cukun nan yara ke ci. Ni ba zan rufe masa ba."

Ta jira har ya dawo, ta faɗa masa komai. Ya saurara, ya gode mata, ya ba mu kofi. Kafin mu gama sha mun ji ƙarar guduma, yana kafa wa kwamin murfi.

Abin da ke ƙona min rai ke nan har yau. Wancan mutumin ya hau jirgin ƙasa ya koma birni, ƙila yana ba da labarin wata masifaffiyar tsohuwa. Na yi lissafi ta kowace fuska: ba tare da marmaron ba, ita da Tass suna buƙatar lita biyar. Na ce zan ɗauki ukun, ta ce ita ba ta tafiya da ɗan dako. Bana a gefen tafki suke yawo, inda ko tudu babu.