Bencin Baba a Ƙofar Ofishina

Shekarar da na bar aikin makarantar 'yan mata, inda na daɗe ina ba ɗalibai shawara, na kama shago a Tudun Wada, a wani layi bayan tasha, tsakanin tela da mai sayar da maganin feshi. Ɗaki ɗaya ne. Na rataya labule mai kauri, na sa kujeru biyu masu laushi, na shimfiɗa darduma saboda waɗanda suka fi sakewa a ƙasa. Mai fenti ya rubuta mini allo: ofishin ba da shawara kan damuwa da zaman iyali.

Baba manomin masara ne, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. Ranar da na kai shi ya ga wurin, ya duba ko'ina, har bayan labule, sannan ya ce, "Uwata, ina alluran?"

"Babu allura, Baba. Mutum zai zauna ya faɗi abin da ke cin ransa, in saurara, mu nemi mafita tare."

"Saurare kawai?" Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ai wannan shi kakarki ta yi ta yi a ƙofar ɗakinta har ta koma ga Allah. Gado kika yi."

Na buga takardun talla. Na je Islamiyyar matan aure na yi bayani, na roƙi ma'aikatan asibiti suka ba ni ɗan lokaci ranar awon ciki, na tura saƙon murya a waya ga duk wanda na sani. Aka fara kirana. Mace za ta yi ƙasa da murya ta ce ba ta iya barci tun da ta haihu, ko magidanci ya ce ɗansa ya daina yi wa kowa magana. Sai mu sa rana.

A daidai lokacin aka gama kai amfanin gona gida, Baba ya samu sarari. Wata safiya na tarar da shi ya ɗauro benci a bayan babur ya girke a gindin darbejiyar ƙofar ofis, ga rediyonsa, ga buta. Ya ce bai kamata a bar ni ni kaɗai a layin tasha ba. Na ji daɗi ƙwarai. Duk wanda ya gifta sai Baba ya tsayar da shi su gaisa, ya nuna allon ya ce, "Na 'yata ne. Duk abin da ya dame ka, shiga ka faɗa mata." Kafin wani lokaci abokansa sun gano wurin. Benci ya cika, aka ƙaro tabarma, mai rake ma ya dawo da baronsa nan. Daga ciki ina jiyo su suna musu kan taki da ruwan bana, ni kuwa ina zaune ina kallon kujera ba kowa. Waɗanda muka sa rana da su ba sa zuwa, in na kira ba sa ɗauka.

Wata mata daga Ba'awa ta wajen Kiru ce ta warware mini. Ta kira ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, wallahi na zo har bakin layinku. Dattijon nan na ƙofa ya san surukina. Yana hango ni ya ce in gaida mutan gida. Sai na shige wajen tela na yi kamar ɗinki na kawo."

Na kai wa Inna maganar, na roƙe ta ta faɗa masa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ba ke ce mai koya wa mutane faɗin magana mai nauyi ba? Ga shi can a zaure."

Na same shi yana ɗinke bakin buhu bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, har ya ajiye basillar ya ce, "Uwata, faɗi." Na ce masu zuwa wurina suna ɗauke da abin da ba sa son kowa ya sani, kuma shi duk garin nan babu wanda bai sani ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Ni nake korar miki su ke nan."

"Ba kora ba ce, Baba. Kunyarka suke ji."

Ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa. Washegari babu benci, babu mai rake. Kwanaki in na gaishe shi, a gajarce yake amsawa. Mutane suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, amma ni duk sanda na leƙa gindin bishiyar sai in ji ba daɗi.

Ashe ya kwashi takardun tallan ya cika aljihu. Ba ya karatun boko, amma ya haddace abin da ke ciki. Duk inda ɗaurin aure ko suna ko ta'aziyya ta kai shi, sai ya ja mutum gefe ya miƙa masa. Inna ta yi ta mita don kullum sai ta tsinci jiƙaƙƙiyar takarda a cikin wanki. Bayan wata ta'aziyya da ya je Doguwa, mata biyu suka shigo mota tun daga Riruwai suka zo wurina. A nan na lura yawancin masu zuwa baƙi ne, 'yan gari kuwa har yanzu suna ɗari-ɗari. Sai na roƙi wata ƙawata mai makarantar koyon ɗinki a Bebeji ta ara mini ɗaki ranar Asabar. Abin mamaki, mutanen Tudun Wada suka dinga bina can, inda babu wanda ya san su. Da na ba Baba labari, ba tare da na ambaci kowa ba, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba.

Da damina ta kama, wata rana ya kira ni a waya ya ce in leƙo. Yana can bakin layi a kan babur, wani dattijo na saukowa daga bayansa. Amininsa ne na Burumburum, wanda matarsa ta rasu bara, tun daga nan ya daina fita gona. Baba ya nuna masa ƙofa daga nesa, ya juya babur ya nufi kasuwa.

Dattijon ya zauna a darduma. Ranar zancen shanu da ciyawa kawai ya yi mini. A zuwa na gaba ya ce har yanzu in ya shigo gida sai ya yi sallama ya tsaya jiran ta amsa, sai ya sa hannun riga ya rufe fuska. Ya ci gaba da zuwa har aka yi girbi, kullum Baba ne ke kawo shi ya dawo ya ɗauke shi. A gida Baba bai taɓa tambayata abin da muka tattauna da amininsa ba. Sau ɗaya dai ya ce, "Uwata, ki dinga ajiye masa fura. Ba ya karyawa yake fitowa."