Tela a Bayan Raga

Shekara ashirin Tela yana kan keken ɗinki, bai taɓa rufe shago don ƙwallo ba sai da autansa ya zama gola. Shi ya ɗinka masa safar hannu da ragowar yadi.

Ranar wasa ya tsaya a bayan raga. Da aka ci yaron uku, wasu magidanta da furfurarsu suka yi masa ca: "Kwando kawai! Uban wa ya sa ka a raga?" Duk wannan a kunnen Tela.

A hanyar gida yaron ya ce, "Baba, kada ka ƙara zuwa."

"Kunya na ba ka?"

"A'a. Ni na saba. Kai ne ba ka saba ba."