Shafi'i da Rijiyar Baba Kura

Shafi'i ɗan unguwarmu ne a Roni, ma'aikacin ɗakin gwajin jini da ruwa. Bai iya hira ba ko kaɗan. Kana gaishe shi zai jawo maka zancen ƙwayoyin cuta, shi ya sa ko a wurin mai shayi shi kaɗai yake zama a ƙarshen benci. Matarsa ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba.

Shekarar da gudawa ta addabi yaran unguwa, magani ya ƙi ci, sai ya zargi rijiyar Baba Kura, wadda mahaifin dattijon ya haƙa. Ya ɗebi ruwan ya aika wa abokin karatunsa a Kano. Can aka karance halittar ƙwayar cutar, aka turo masa dogon jerin haruffa. Ya ɗora su a wani shafin intanet da ke mayar da irin wannan jeri hoto: zobe mai launi-launi, kamar faifan da mata ke saƙawa. Inda ya yi ja, nan ne ƙwayar ta fi ƙarfin magani. Ya yi kwanaki yana kallon zoben, ba shi da wanda zai nuna wa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya durƙusa gaban dattawa a ƙofar gidan mai unguwa, ya miƙa wayar da hannu biyu.

"Ranku ya daɗe, a duba jan nan. Don Allah a rufe rijiyar."

Baba Kura ya karɓa, ya goge gilashin wayar da hannun riga, yatsansa ya danna maɓallin gefe, fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin. Ya ƙura mata ido, ya ce, "Masha Allah, ilimi ya yi nisa." Ya miƙa wa na kusa. Haka ta zaga mutum tara, kowa na jinjina kai. Wa zai ce bai ga abin da babba ya gani ba? Shafi'i yana hangen baƙin gilashin daga inda yake durƙushe, amma karɓe abu daga hannun dattijo rashin kunya ne. Ya bar ta ta gama zagayawa.

Ina cikin taran nan. Ni ma na ce masha Allah, kuma har yau abin na ci mini rai.

Aka sa masa albarka, aka sallame shi. Washegari mata suka fito ɗiban ruwa kamar kullum. Shafi'i ya tsaya a bakin rijiyar yana roƙon kowacce ta tafasa ruwan kafin yara su sha. Ɗaya bayan ɗaya suka gaishe shi da ladabi, suka zura guga.