Kawuna da ruwan batir

Shekaru da dama baya, lokacin ina aji biyu a jami'a ina karatun injiniyan muhalli, na taɓa ɗaukar kaina mai ceton unguwa.

Kawuna yana da shagon gyaran batirin mota a Ƙofar Taramniya. A nan na tashi, ina zama kan tsohon batir ina shan furar da matarsa ke aiko masa. Idan batir ya mutu murus, sai ya fasa shi, ya tuttular da ruwan a kwatar bayan shago, ya narka dalmar a wani tsohon kasko ya sayar wa masunta su ɗaura a bakin taru. Ban taɓa ganin aibun hakan ba sai ranar da malaminmu ya yi mana darasi kan dalma: yadda take shiga jini ta hayaƙi da ƙura, ta zauna, ta ƙi fita. Yana lissafo alamomin, ni kuwa kawu nake gani, da ciwon cikin da ya daɗe yana sha wa jiƙo, da hannunsa da ya fara sakin sifana in yana kwance noti.

Ranar Asabar na isa shagon da littafi a hammata. Na yi bayani kusan rabin sa'a, rabi Turanci. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Injiniya, wanga aiki da kake zagi, shi ya saya maka littafin da ke hannunka. Mi kuma ya rage?"

Na koma makaranta, na kai ƙarar kawu wurin malaminmu. Dariya ya yi, ya ce, "Ka je ka gaya wa mutum sana'arsa guba ce, ba ka kai masa ko bokiti ba. Koma da abin da hannunsa zai taɓa."

Sai na koma da durom ɗin roba mai murfi da ƙullin kanwa daga ɗakin girkin mahaifiyata. Na ɗebo ruwan batir a kofin roba, na barbaɗa kanwa. Nan take ya hau tafasa yana kumfa. Kawu ya matso, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan muke zuba wa ƙasa?" Na ce shi ne, kuma rijiyar maƙwabta ba nisa.

Ba a rana ɗaya ya sauya ba. Ya fara da tara ruwan a durom, a kashe kaifinsa da kanwa, laka ta kwanta a rufe ta. Narka dalma kuwa sai da matarsa ta sa baki, muka kai shi asibiti aka auna jininsa, likita ya maimaita abin da na faɗa cikin Hausa mai sauƙi. Daga nan ya riƙa sayar da matattun batura ɗungurungum ga masu kai su masana'anta. Ribar ta ragu, ya kuwa yi mini mitar hakan har azumi ya zagayo.

Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba. Amma wata rana na iske shi yana yi wa wani mai gyaran batir faɗa a kan zubar da ruwa a kwata, yana cewa shi tun tuni ya gano illar abin da kansa. Na tsaya daga nesa ina saurarensa.

Yanzu aikina ke nan, ina zaga masana'antu da asibitoci kan yadda za su yi da shara mai guba. Duk inda na tarar da mai taurin kai, na kan fara tambayarsa shekararsa nawa a sana'ar, in saurara har ya gama. Allah ya jiƙan kawu. Da yana nan, da cewa zai yi shi ya koya mini aikin, kuma ba zan musa ba.