Boris ɗin Tirelar Kawu

Shekara bakwai ina wanke boris ɗin tirelar Kawu, kuma wallahi na gaji. Kawun matata ne, haifaffen Madina, Hausarsa rabi Larabci. Yana da ɗan kwale-kwale da yake ɗorawa a ƙaramar tirela ya ja da mota zuwa Yanbu kamun kifi duk Alhamis, a lokacin hutun mako Alhamis da Juma'a ne. Asabar da safe sai ga shi a ƙofar garejin da nake aiki a unguwar Sultana, nan Madina.

"Ya waladi, duba mini rumman ɗin nan."

Rumman shi ne boris ɗin ƙafar tirela, waladi kuma ɗana. Ciwon ɗaya ne kullum: yana isa bakin teku, ƙafafun tirela da zafi zau, sai ya tura ta cikin ruwa don sauke kwale-kwalen. Ƙarfen ya sha sanyi, ya zuƙi ruwan gishiri, giris ya koma kamar kunu. Na ce, "Kawu, ku ɗan jira rabin awa ta huce mana." Ya ce kifi ba ya jiran kowa.

To ni ne zan kwance, in jiƙa a kananzir, in bi da burushi, in cusa sabon giris da tafin hannu. Hannuwana suka tsattsage, ko alwala sai na cije leɓe. Wani likita ɗan Kano da muke salla tare ya duba, ya ce, "Malam, ka rabu da kananzir, in ba haka ba zai raba ka da fata."

Da na ji wai ana yin boris na tangaran wanda ba ya tsatsa, na zaga shagunan Sultana kaf. A na ƙarshe mai shagon ya ciro mini shi, ɗan mitsitsi kamar zobe, ashe na injin naɗe zaren kamun kifi ne. Na tirela fa? Ya kwashe da dariya. Wai na ƙarfe ne kawai, sai wanki.

Asabar ta gaba na juya ƙafar da hannu, na ce wa Kawu lafiya lau take. Ban kwance ba. Haka na yi sati uku.

A na huɗu ƙafar ta cije a hanyar Yanbu. Tsoho ɗan shekara saba'in ya daɗe tsaye cikin rana tsaka kafin ya samu mai taimako. Na shirya shan faɗa, shiru. Sai da muka haɗu a wani suna ya kama hannuwana, ya juya su, ya ga sun warke sumul.

"Alhamdulillah," ya ce. "Ai da ka faɗa mini, ya waladi."

Bai sake kawo tirelar ba. Ni kuma kunya ba ta taɓa bari na tambaye shi wa ke wanke masa ba.